Auna Zurfin Ruwa da Haske Daga Sama

Daga cikin hikimomin da Allah Ya sanar da ɗan Adam a wannan zamani akwai wata na'ura mai suna lidar, wadda ake ɗora wa jirgin sama domin a san abin da ruwa ya ɓoye ba tare da an tsoma gora ba. Ƙa'idarta ita ce, tana harba hasken leza iri biyu: na farko, wanda ido ba ya gani, da ya taɓa fuskar ruwa sai ya komo, na biyu kuwa, kore, sai ya ratsa ruwan har ya daki ƙasa ko wani abin da ya nutse, sannan ya komo. Da yake an san haske yana cin kimanin kilomita 225,000 a daƙiƙa cikin ruwa, tazarar da ke tsakanin komowar biyun ita ke bayyana zurfi.

A Amurka aka tabbatar da yiwuwar wannan a 1969, kuma a 1993 sojojin ruwan Ostareliya suka shiga zana taswirar gaɓar tekunsu da ita, alhali na Amurka suna neman nakiyoyi da irinta daga helikwafta.

Sai dai kowace hikima da sharaɗinta, sharaɗin wannan kuwa shi ne ruwa ya kasance garau. Domin hasken da ke kai wa mita 50 a teku mai tsabta, laka tana shanye shi nan take. Saboda haka a nan jihar Maradi, Gulbin Maradi da ke ratsa ƙasar Gidan Rumji, da Gulbin Kaba na wajen Gazawa, da tabkunan Agye, idan damina ta cika su da jan ruwa, na'urar ba za ta ga ƙasansu ba.

Fa'idarta a wurinmu tana cikin rani, lokacin da gulabe suka ƙafe, domin a sannan tana auna tudu da kwari dalla-dalla, ta nuna inda rairayi ya cike tabki, da inda ambaliya za ta bi, da fadamar da ta dace da noman rani. Ya kamata hukumomin jihar Maradi da malaman Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su nemi a yi wannan awo kafin a sake kashe dukiya wajen yashe tabki ko gina madatsa.