Dalilin da ya sa iskar gas ke zama ruwa a cikin tukunya

Duk wanda ya girgiza tukunyar gas ta girki zai ji motsin ruwa a cikinta, alhali abin da ke fitowa a bakin murhu iska ce. A ilimin kimiyya, abubuwa uku ne ke tantance ko abu zai tsaya a daskare, ko ya zama ruwa, ko iska: matsi, da zafi, da yadda ƙwayoyinsa suka cunkushe wuri guda.

Gas ɗin girki haɗi ne na sinadaran furofen da butan. A sarari, furofen na tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, butan kuwa dab da sifiri. Amma idan aka danna su cikin tukunya, matsin kan tilasta wa ƙwayoyin kusantar juna har su koma ruwa. Lita ɗaya ta wannan ruwa kan ba da kimanin lita 250 ta iska.

Zafi kuwa akasin haka yake yi, domin tarwatsa ƙwayoyin yake. A digiri 20, matsin furofen a cikin tukunya ya ninka na iskar sarari kusan sau 8. A digiri 50, kusan sau 17. Ruwan ma kumbura yake idan ya ji zafi. Shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, sai a tsaya wajen kashi 80 cikin 100.

Sai dai matsi yana da iyaka. Kowane sinadari na da wani matakin zafi wanda, in an haura shi, babu matsin da zai mayar da shi ruwa. Na metan, babban sinadarin iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa, kusan digiri 82 ne ƙasa da sifiri. Don haka a tsibirin Bonny da ke Jihar Ribas, inda kamfanin NLNG ya fara fitar da gas a 1999, sanyaya shi ake yi zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri. A nan yakan tsuke sau 600, jirgin ruwa ya iya ɗaukarsa.

Ga magidanta, darasin a bayyane yake: tukunyar da aka cika fiye da ƙima, aka kuma bar ta a rana ko kusa da wuta, ba ta da sararin da ruwan zai kumbura. Idan kuma gas ya tsiyaye, ƙasa-ƙasa yake taruwa a ɗaki, domin ya fi iska nauyi.