Tsohuwar Motar Ƙungiya Tana Yoyo? Ga Yadda Za A Gane Wurin

'Yan'uwa manoma, ƙungiyar da ke da tsohuwar Land Rover ta san amfaninta. Ita ce mai kawo taki a farkon damina, ita ce mai kai gero da gyaɗa kasuwar Dawanau da kaka, ita ce kuma mai ɗaukar mara lafiya cikin dare zuwa asibitin Bichi ko na Dambatta. An fara ƙera irin wannan mota a Ingila a 1948. Samfurin da ake kira Series III an yi shi daga 1971 zuwa 1985, har an harhaɗa waɗansu a Ibadan. Motar da ta kai waɗannan shekaru ba ta rasa yoyo. Abin da ya kamata direba da shugabannin ƙungiya su sani shi ne wane yoyo ne zai jira, wane ne kuma ba ya jira.

Kwali Da Toka

Da yamma a ajiye motar a wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, a zana inda tayoyi suke. Da safe a duba abin da ya ɗiga, a taɓa, a sunsuna.

Baƙi ƙirin: man inji ne.
Mai kauri, launin zuma, da wari mai hawa kai: man giya ne, lamba 90.
Tsararo mai santsi, wanda ke cin fenti: man birki ne.
Ruwa mai launin tsatsa ko kore: daga lagireto yake.

Amma a lura, inda mai ya ɗiga ba lallai nan ya fito ba. Mai yana gangarowa ƙasa, iska kuma tana kora shi baya in mota na tafiya. Saboda haka a wanke inji da kananzir bayan ya huce, a bari ya bushe, a barbaɗa tankaɗaɗɗiyar toka, sa'an nan a yi 'yar tafiya ta mil biyu ko uku. Wurin da ya fi bisa, ya fi gaba, wanda tokarsa ta jiƙe, nan ne bakin yoyon. Sau da yawa gaskit na murfin kan inji ne kawai, mai araha, amma ya jiƙe injin duka har a zaci babban aiki ne.

Ramin Da Ke Ba Da Labari

A ƙarƙashin gidan kulos, tsakanin inji da giya, akwai ɗan rami. Ana toshe shi da noti ne kawai in za a ƙetare ruwa, da an fito a cire. In an manta da shi, mai zai taru ya jiƙa kulos har ya riƙa sulɓewa. Baƙin mai daga wannan rami yana nuna sil na bayan inji ya gaji. In mai wari ne, daga giya yake. Kowanne ne, sai an raba inji da giya kafin a gyara, don haka a shirya kuɗinsa da rani, kada a bari sai kaka.

Giya Da Ƙafafu

Babban akwatin giya yana cin lita 1.5. Akwatin da ke bayansa, mai raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba da na baya, yana cin lita 2.5. A tsofaffin motoci mai yakan tsallaka daga na farko zuwa na biyu. Ƙasa ba ɗigo, amma giya tana bushewa. A kwance notin awo na kowanne sau ɗaya a wata: mai ya kamata ya tsaya daidai bakin rami.

A kan kowane aksil akwai ƙaramin kan numfashi. Ƙurar hunturu da taɓon damina irin na hanyoyinmu na Kunchi da Makoda sukan toshe shi. In aksil ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta turo mai ta sil na taya. Wanda ya sauya sil bai wanke kan numfashin ba, ya yi aikin banza, gama yoyon zai komo. A duba kuma ƙwallayen ƙarfe masu ƙyalli da ke bayan tayoyin gaba. In yashi ko tsatsa ya ƙwarzane su, sabon sil ma ba zai daɗe ba.

Waɗanda Ba Sa Jira

Man birki in ya ragu, ko bayan taya ya jiƙe, mota ba ta fita. Mai kowane iri in ya taɓa takalman birki, sauyawa za a yi, wanki ba ya isa. Kada kuma a kuskura a zuba man inji a tulun birki, yana kumbura robobi. Warin fetur kusa da inji, a kashe mota nan take. In sandar awon mai ta fito da launin shayi da madara, ruwa ya shiga mai, sai makanike. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi da zafi.

Shawara Ga Ƙungiya

A sayi ɗan littafi a bar shi cikin mota. Duk man da aka ƙara a rubuta rana, da iri, da yawa, magatakarda ya karanta a taron wata. Yoyon da bai ƙaru ba cikin wata uku yana iya jira. Wanda ke ƙaruwa, a kai wa makanike tare da littafin da kwalin. In za a sayo sil a Ƙofar Ruwa, a tafi da tsohon don a gwada.

Rigakafi ya fi magani. Kuɗin sil ƙungiya za ta iya biya daga aljihunta, amma kuɗin sabon inji sai an taɓa rumbu.