Yunwar Ciki Da Yunwar Zuciya: Abin Da Ke Sa 'Yan Kafanchan Ƙiba A Kurmi

Tun shekarar 1927, lokacin da hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta iso Kafanchan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya kuma ya hau Jos, mutanen wannan yanki suka saba da gangarawa kurmi neman abin zaman gari. Wasu sun shiga aikin reluwe, wasu soja da ɗan sanda, wasu malanta da aikin jinya, wasu kuwa fatauci. Harkar jirgin ta daɗe da ja da baya, amma tafiyar ba ta tsaya ba. Duk wanda ya zaga Agege ko Obalande a Legas, ko Sabon Badun, ko Shagamu da Anacha da Fatakwal, ba zai rasa mutumin Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi ko Kachia ba.

Idan irin wannan mutum ya koma gida da Kirsimeti ko Sallah ya yi jiki, ya ajiye tumbi, sai dangi su yi ta murna suna cewa kurmi ta karɓe shi. To amma fa abin da dangi ke kira jin daɗi, sau da yawa likita yakan kira shi mafarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma abin bai tsaya ga ƙasashen Turawa ba.

DALILIN ƘIBAR BAƘO

Dalili na fari a fili yake. Manomin citta a ƙasar Jaba ko mai noman doya a Jama'a yakan tashi da kwanon tuwo mai nauyi, ya wuni da fartanya, kafin la'asar jiki ya ƙone abin da ya ci. Ɗansa da ke tsaron kanti a Legas, ko gadi, ko tuƙin mota, ya gaji cikin uban amma bai gaji fartanyar ba. Yana zaune wuni guda, ga burodin Agege da fanke da soyayyar doya da lemon kwalba a bakin ƙofa, da dare kuma ya rufe da teba ko sakwara.

Dalili na biyu shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba, wato cin abinci saboda damuwa. Baƙon da ke kurmi jikinsa ne kawai ke can, zuciyarsa tana gida. Yankin Kudancin Kaduna ya ga tashin hankali a Kafanchan a 1987, da Zangon Kataf a 1992, da kuma bayan zaɓen 2011, baya ga hare-haren ƙauyuka da satar mutane da suka biyo baya, kuma babu ɓangaren da bai yi kuka ba, Musulmi da Kirista. A daminar 2023 kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko ta ruɓar da amfani mai yawa, nauyin gidaje da dama ya koma kan wanda ke kurmi. Saboda haka duk lokacin da waya ta yi ƙara daga gida sai gaban mutum ya faɗi: ko dai rasuwa, ko kuɗin makaranta, ko na taki, ko na asibiti.

Masana sun gano cewa idan damuwa ta daɗe, jiki yakan riƙa fitar da wani sinadari mai suna kotisol fiye da kima, shi kuwa yakan ƙara wa mutum sha'awar zaƙi da maiƙo. Ƙarancin barci ma yana buɗe ciki, abin da masu gadin dare da direbobin dogon zango suka sani sarai. Da zarar mutum ya ci, sai ya ji sanyi a ransa na ɗan lokaci. Wannan ɗan sanyin shi ke koya wa zuciya cewa maganin ɓacin rai yana cikin kwano, har abin ya zama jiki.

DABARAR GYARAN TUNANI DA ƊABI'A

A cikin shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Dokta Aaron Beck, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100, ya lura cewa masu ciwon baƙin ciki suna da wasu tunane-tunane da ke faɗo musu farat ɗaya, su yarda da su ba tare da bincike ba. Ya nuna cewa tsakanin abin da ya sami mutum da abin da ya aikata akwai wata magana da ya gaya wa kansa, kuma in an kama wannan magana aka auna ta, ɗabi'a takan canza. A 1967 wani masani, Richard Stuart, ya ba da rahoton mata 8 da suka rage nauyi sosai ta hanyar lura da yadda suke ci da kuma sauya shi. Daga baya aka haɗa hanyoyin biyu, har 'yar Dokta Beck ɗin, Judith Beck, ta rubuta littafi a 2007 a kan amfani da su wajen rage ƙiba. Likitoci sukan taƙaita sunan dabarar da CBT. Ba ta bukatar allura ko ƙwaya, kuma ga yadda take tafiya.

Da farko mutum ya sami ɗan littafi, ya yi mako 2 yana rubuta duk abin da ya shiga bakinsa, da lokacin, da wurin, da abin da ke ransa kafin ya ci. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A wannan lokaci ba a ce ya rage komai ba, lura kawai zai yi. A ƙarshe zai ga abin da bai taɓa gani ba. Mai kanti zai iya tarar da cewa ranar da kasuwa ba ta yi ba ita ce ranar da yake shan lemo kwalba 3. Matar aure za ta iya ganin cewa duk daren da ta yi waya da gida sai ta koma kan tukunya bayan yara sun kwanta.

Na biyu, ya koyi bambanta yunwa biyu. Yunwar ciki takan zo a hankali, ko ɗumamen tuwo aka ba ta za ta karɓa, kuma in an ƙoshi ta tafi. Yunwar zuciya kuwa takan faɗo nan take, ta nemi wani abu takamaimai, tsire ko cincin ko giya, ba ta jin ƙoshi, kuma bayanta sai nadama.

Na uku, ya kama maganar da yake gaya wa kansa, ya tambaye ta hujja kamar yadda alƙali ke tambayar mai ƙara. Akwai guda 3 da suka fi damun baƙi. Ta ɗaya ita ce, in na koma gida a rame za a ce wahala ta ci ni, ko a ce wata muguwar cuta na ɗauko. Amsarta ita ce, masu faɗin haka ba su za su biya kuɗin maganin hawan jini na kowane wata ba, kuma iyali sun fi bukatar mai lafiya da ke aiko da saƙo a kan mai tumbin da ke kwance. Ta biyu, ai na sha wahala yau, bari in saka wa kaina. Sai ya tambayi kansa, bayan cin jiya bashin ya ragu ne? Ta uku kuwa ita ce mafi haɗari: tunda na riga na karya doka yau, shi ke nan, bari in ci gaba. Wanda ƙwai ɗaya ya faɗi daga kwandonsa ai ba ya kifar da sauran. Kuskuren rana ɗaya a rubuta shi, a ci gaba daga abinci na gaba.

Na huɗu, ya gyara abin da ke kewaye da shi, don ƙarfin hali shi kaɗai ba ya isa. A ci abinci sau 3 a kan lokaci, domin wanda ya tsallake karin kumallo da abincin rana shi ne ke afka wa kwano da dare. Kada a ajiye kayan kwaɗayi a inda hannu zai kai. A zuba a ƙaramin kwano, a zauna a ci, ba a tsaye ko a kan tukunya ba. Inda ake haɗa hannu a kwano ɗaya, kamar yadda samari ke yi a ɗakunan haya, kowa na sauri kada a bar shi a baya, alhali saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada na babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a wuni gaba ɗaya. Abincin gida irin paten acca ko na tsakin masara mai yawan yakuwa da alayyafo da gauta, da kwaɗon zogale ko rama, da wake, sun fi riƙe ciki. Amma a tuna acca ma hatsi ce, in aka cika kwano ita ma za ta sa ƙiba.

Na biyar, idan yunwar zuciya ta taso, a ce mata ta jira minti 15. A cikin wannan lokaci a sha ruwa, a taka zuwa ƙarshen layi a dawo, a yi alwala ko addu'a, ko a nemi wani amini a yi magana. Irin wannan sha'awa takan hau ta kai ƙololuwa sannan ta sauka da kanta. Malamai a masallaci da fastoci a coci duk suna wa'azi a kan kame ciki, abin da dabarar ta ƙara shi ne nuna yadda za a yi a daidai lokacin da zuciya ke ja.

A FUSKANCI DAMUWAR KANTA

Muddin ba a taɓa tushen damuwa ba, cin zai dawo. Don haka ake so mutum ya rubuta matsalolinsa, ya zaɓi ɗaya wadda yake da iko a kanta, ya jera hanyoyin warware ta, ya gwada ɗaya cikin mako. Ba shi da ikon hana tashin hankali a ƙauyensu daga Legas, amma yana da ikon gaya wa dangi iyakar abin da zai iya aikawa kowane wata, ko ya shiga adashi saboda kuɗin haya.

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A ƙasar Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna sauraron masu yawan tunani suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. A Nijeriya ma, tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, saboda ya fahimci cewa mutum ya fi warkewa a cikin jama'a.

ME ZA A SA RAI DA SHI?

Ba a bukatar mutum ya koma kamar sanda. Wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, wanda ya ƙunshi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna cewa waɗanda aka koya wa irin waɗannan dabaru, da niyyar rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, abin da ake nema bai fi kilo 6 da ɗan ɗori ba, a kan rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. Wanda ba shi da sikeli ya sami igiya ya auna tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zaga ta a cikinsa ɗan sama da cibiya. In ba ta haɗu ba, lokacin gyara ya yi.

Amma kada a ruɗi mai karatu. Wani bincike na Jami'ar Oxford a kan mata 150, da aka buga a 2010, ya tarar cewa yawancinsu sun mayar da kusan duk nauyin da suka rage cikin shekara 3. Inda dabarar ta fi ƙarfi shi ne wajen tsayar da cin da ba shi da linzami. Riƙe sabon nauyi kuwa aiki ne na kullum, kamar noma, ba a yin sa shekara ɗaya a huta.

Haka kuma a guji shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake talla a tashar mota da cikin bas, don wasunsu gudawa kawai suke sawa, wasu kuma suna iya taɓa ƙoda da hanta. Mai ciwon sukari ko hawan jini, da mace mai ciki ko mai goyo, su ga likita kafin su sauya cimarsu. Wanda yake ramewa ba dalili, asibiti zai nufa. Wanda kuwa ya rasa wani nasa a rikici har barci ya gagare shi, ko yake ci ya tilasta wa kansa amai, to ya nemi ƙwararru. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba cikin Legas, da Aro a Abekuta, da Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Sauran aiki ya rage ga ƙungiyoyin 'yan gari da na mata da ke taro wata-wata a kurmi. Kuɗin da ake kashewa kan akwatunan lemo na 'yan watanni ya isa sayen sikeli da na'urar awon jini, kuma ba a rasa ma'aikaciyar jinya 'yar gida, wataƙila ma wadda ta fito daga makarantar jinya ta Kafanchan, da za ta riƙa dubawa. In ana tambayar juna labarin gida, a riƙa tambayar labarin zuciya. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana. Allah Ya ba da lafiya, Ya zaunar da Kudancin Kaduna da ƙasa baki ɗaya lafiya, amin.