Tafiyar kasuwanci zuwa Zanzibar: abubuwan da ya kamata ka sani

Ɗan kasuwar da ya ɗauki Zanzibar a matsayin wata jiha ta Tanzaniya kawai zai sha wahala tun daga bakin ƙofa. Tsibiran Unguja da Pemba, wato Zanzibar, sun haɗe da Tanganyika a 1964, amma har yau suna da shugabansu da majalisarsu da hukumar harajinsu. Ko daga Darussalam ka shiga jirgin ruwa, tafiyar kusan sa'a biyu, sai an duba fasfonka idan ka sauka.

Takardu tukuna, tikiti daga baya

Masu fasfon Najeriya da Nijar ba sa samun biza a filin jirgi. Ana nema ta intanet, a jira amincewar hukumar shige da fice, kuma jiran kan ɗauki makonni. Kada ka biya kuɗin jirgi kafin amsa ta fito. Ka nemi bizar kasuwanci, ba ta yawon buɗe ido ba, da wasiƙar gayyata daga wanda za ku yi hulɗa. Ka riƙe katin rigakafin shawara. Tun watan Oktoba na 2024 kuma, kowane baƙo sai ya sayi inshorar gwamnatin Zanzibar ta dala 44, ko da yana da wata daga gida.

Kanumfari ba a sayensa a gona

Nan ne aka fi yin asara, kuma abin yana da ciwo, don yawanci rashin sani ne. Mafi yawan kanumfarin yankin daga Pemba yake fitowa. Idan ka je lokacin kaka za ka gan shi shanye a kan tabarmi a gefen hanya, wani kore shar, wani ya yi ja, wani ya riga ya yi baƙi, ƙamshi ya cika gari. Zuciya za ta raya maka ka yi ciniki da manomi nan take. Kul! Kamfanin gwamnati mai suna ZSTC ne doka ta ba wa ikon sayen kanumfari daga hannun manoma, shi ke tantance shi daraja-daraja, kuma fitar da shi ta bayan fage fasa-ƙwauri ne. Duk dillalin da ya ce zai samo maka da araha ta wata hanya, ka rabu da shi. Ka fara magana da kamfanin tun kana gida, ka nemi samfuri da farashi a rubuce.

Jirgin sama daga Unguja zuwa Pemba kusan minti 30 ne. A ganina, wanda ya zo neman kanumfari bai taka Pemba ba, rabin tafiya ya yi.

Lokaci

Ruwa mai yawa yana sauka daga Maris zuwa Mayu, sai wani ɗan gajere wajen Nuwamba da Disamba. A babbar damina teku kan yi tsanani, ga danshi mai ɓata kaya.

Agogon Zanzibar yana gaban na Najeriya da sa'a biyu. Wani abin kuma: da Swahili ana fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana, saboda haka idan aka ce maka sa'a ta uku da safe, ƙarfe tara ake nufi. Ka sa a rubuta maka lokacin ganawa da lambobi, ka sake tambaya.

Galibin mutanen Musulmi ne, don haka abinci da masallaci ba za su zame maka matsala ba. Kada dai ka sa muhimmiyar ganawa ranar Juma'a da rana.

Kuɗi

Shilin na Tanzaniya ake kashewa. Ka zo da sababbin takardun dala, domin masu canji kan ƙi tsofaffi, kuma ka canza abin da zai ishe ka a Unguja kafin ka haye Pemba, inda bankuna ba su da yawa.