Jakar Gaya Ba Jakar Kano Ba Ce

Mai fassara da ke zaune a Karakara, can yankin Dioundiou na jihar Dosso, yana iya karɓar aiki biyu a mako guda: sanarwar rigakafi daga Faransanci don ƙauyukan Nijar, da takardar farashin taki daga Turanci don manoman Kamba a jihar Kebbi. Duka da Hausa ake son su, amma a takarda kowace da ƙa'idarta. Tsarin rubutun da Nijar ta tsayar a 1999 yana rubuta ƴaƴa da harafi mai ƙugiya, Nijeriya kuwa 'ya'ya take rubutawa. Lambar 1,500 da Bakano zai karanta dubu da ɗari biyar, a takardar Faransanci ɗaya da rabi ce. Kuɗi ma haka: jaka a kasuwar Gaya ta jihar Dosso sefa 1000 ce, wato dala 200, a bakin Bakano kuwa naira 200.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne a saita manhajar fassara sau ɗaya a ce an gama. Kowane aiki ya kamata ya zo da nasa saitin. Manhajar OmegaT, wadda Keith Godfrey ya fara a 2000 kuma kyauta ake samunta, ta tanadi haka. Kowane aiki yana da kundin kalmominsa, da rumbun jimlolin da aka taɓa fassarawa, da dokar yanka rubutu jimla-jimla. Tana kuma karɓar gajerun umarnin da ake rubutawa da harshen kwamfuta na Groovy, waɗanda ke tashi da kansu da zarar an buɗe aiki. Sai umarnin ya duba: in aikin Nijar ne ya nemo duk inda aka rubuta 'y, in na Nijeriya ne ya nemo ƴ. Tun da kundin mulkin Nijar na Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, wannan ya wuce batun ƙawa.

Wasu za su ce ana ƙara raba Hausa ne bisa iyakar da Turawa suka shata. Rabuwar ta riga kwamfuta, tana cikin littattafan makaranta, kuma mai fassara bai da ikon ɗinke ta a sanarwar rigakafi. Abin da ke wuyansa shi ne uwar da za a karanta wa takardar ta gane ranar da za ta kai ɗanta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce na'ura ba ta da hankali, kuma gaskiya ce. A umarce ta ta mayar da kowane 'y zuwa ƴ, sai ta tarar da kalmar 'yau' cikin alamar zance ta mayar da ita ƴau, ɓarnar da za ta bi shafi ɗari kafin a ankara. Maganinsa a rubuta umarnin ya nuna wurin kawai, gyaran ya zama na mutum. Jaka kuwa ko kusa kada a bar wa na'ura ita, domin sai an san a wace kasuwa aka yi cinikin kafin a san ko sefa ake nufi ko naira.