Git da GitHub: Yadda Matasanmu Masu Koyon Rubuta Manhaja Za Su Tsare Aikinsu

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a shekarar 2013, aka kuma ajiye mazauninta na dindindin a Kalgo, ilimin kwamfuta ya matso kusa da ƙauyukanmu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar jiha a Aliero, sannan a 2023 aka ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan 3 a kan fasahar zamani. A yau akwai 'ya'yan manoma da na 'yan kasuwa daga Gwandu da Kalgo da ke koyon rubuta manhaja, wato jerin umarnin da ake tsara wa kwamfuta ko waya domin ta gudanar da wani aiki. Wannan bayani domin su aka yi shi, da iyayensu, da kuma jami'an ƙananan hukumomi waɗanda sukan ba da kwangilar irin wannan aiki.

Matsalar da mai koyo yake fara cin karo da ita ba ta rasa nasaba da ajiya. Yaro zai yi wata uku yana rubutu, manhajar tana aiki lafiya lau, sai ya taɓa wani wuri da dare, da safe komai ya tsaya, kuma ya kasa tuna abin da ya sauya. Domin gudun haka sai ka ga ya cika kwamfutarsa da kwafi: "aiki na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshen ƙarshe", har shi kansa ya rasa wanne ne na kirki. Wani kuma filashi ɗaya ce duk dukiyarsa. Ranar da ta faɗi a tasha, ko kwamfutar ta ƙone, ko aka sace ta, aikin shekara ya tafi ke nan, ga kuɗin makaranta iyaye sun riga sun sayar da shinkafa sun biya.

Mutanen Gwandu ba baƙin wannan matsala ba ne. Littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, irin su Diya'ut Ta'wil da Tazyinul Waraƙat, da hannu aka riƙa kwafe su shekara da shekaru, kuma magabata sun yi wa aikin ƙa'ida. Da yake takardun ba a ɗinke suke ba, mai kwafa yakan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan shafin da ya gama, domin ko sun warwatse a iya mayar da su a jere. A ƙarshen littafi sau da yawa yakan sa sunansa, wani lokaci har da ranar da ya kammala. Idan an ga kuskure, a gefe ake rubuta gyaran, ba a kankare asali. Kuma littafin da aka yi masa kwafi da dama, wannan a gafakar wani malami a Gwandu, wancan a Sakkwato, gara ko gobara ba ta gamawa da shi a dare ɗaya. Abin da masu rubuta manhaja na duniya suke yi ke nan a yau, sai dai na'ura ce take riƙe musu lissafin.

Manhajar da take yin wannan aiki sunanta Git. Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya ƙirƙiro Linux, shi ya rubuta ta a watan Afrilu na 2005, lokacin da shi da ɗimbin masu taya shi aiki suka rasa damar amfani da manhajar da suke ajiya da ita a da. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi. Aikinta shi ne, duk lokacin da mutum ya ce a adana, sai ta ɗauki hoton yadda rubutunsa yake a wannan lokaci, ta rubuta sunansa da rana da sa'a da dalilin gyaran. Bayan wata shida yana iya komawa ya ga aikin yadda yake a kowace rana da ya adana, ya gwada shi da na yau layi da layi.

Abin da ya fi dacewa da halin da muke ciki a karkara shi ne, Git ba ta buƙatar intanet domin wannan aiki. Duk tarihin yana cikin kwamfutar mutum. Ɗalibin da ya je hutu ƙauyen da sabis ba ya kamawa sosai zai iya yin mako biyu yana rubutu yana adanawa, sai ranar da ya shigo gari ya tura duka gaba ɗaya. Kuma tun da rubutu ne zalla, datar da ake ci ba ta taka kara ta karya ba. Bidiyo ɗaya na WhatsApp yakan fi shi nauyi.

Ga yadda ake farawa. Ana sauke Git daga shafinta na git-scm.com, a sa ta a kwamfuta, sannan a gaya mata suna da adireshin imel ta hanyar umarnin git config. A ɗauka ɗalibi yana rubuta manhajar lissafin rabon taki ga manoman fadama. Zai shiga foldar aikin ya rubuta git init, daga nan foldar ta zama rumbu mai riƙe tarihi. Idan ya yi gyara, git status za ta nuna masa fayilolin da suka sauya, git add ta ware waɗanda yake son adanawa, git commit kuma ta adana su tare da ɗan bayani. Duk ranar da yake son ganin abin da ya gabata, git log za ta jero masa. Waɗannan sun ishi mai koyo wata guda cur, kada ya ruɗa kansa da sauran tukuna.

A kan ɗan bayanin nan ne matasa suka fi yin sakaci. Sai ka ga an rubuta "gyara", gobe "gyara kuma", jibi "an gama". Wannan daidai yake da sakataren da ya rubuta "an yi taro" a littafin ofis bai faɗi abin da aka zartar ba. Kamata ya yi a rubuta, misali, "an gyara lissafin kuɗin buhu ga wanda ya karɓi rabi". Babu dokar da ta ce sai da Turanci. Da Hausa ma Git tana karɓa. Haka kuma a riƙa adanawa kaɗan-kaɗan, duk gyara ɗaya da nasa bayanin, maimakon a tara aikin mako a dunƙule shi wuri guda.

To amma tarihin da ke cikin kwamfuta ɗaya, tare da ita zai ɓace. A nan GitHub ya shigo. Jama'a sukan ɗauka shi da Git abu ɗaya ne, alhali Git manhaja ce a kwamfutarka, GitHub kuwa shafin intanet ne na wani kamfani a Amurka inda ake ajiye kwafin rumbun. An buɗe shi a 2008, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 masu amfani da shi suka kai miliyan 100. Akwai makamantansa, irin su GitLab da Bitbucket. Buɗe asusu kyauta ne ga wanda ya kai shekara 13. Bayan an buɗe, an kuma haɗa rumbun kwamfuta da na shafin, git push take tura aiki can, git pull ta jawo sabon abin da ke can, git clone kuma ta sauko da rumbun baki ɗaya, da tarihinsa, a sabuwar kwamfuta. Wanda aka sace wa kwamfuta ranar Talata zai iya aron ta abokinsa ya ci gaba ranar Laraba daga inda ya tura na ƙarshe. A lura cewa tun daga watan Agusta na 2021 GitHub ya daina karɓar kalmar sirri ta shiga asusu wajen turawa. Sai mutum ya ƙirƙiri mabuɗi na musamman daga cikin asusunsa. Masu koyo da yawa a nan suke makalewa, su zaci su ne suka yi kuskure.

Idan aikin na mutum biyu ne ko uku, kowa yakan buɗe nasa reshen, ya yi gwajinsa ba tare da ya taɓa asalin ba, in ya yi kyau a haɗe. Idan biyu suka gyara layi ɗaya, Git ba ta zaɓar na kowa. Tsayawa take yi ta nuna duka biyun, su yanke da kansu. Malamai ma suna amfana, domin tarihin yana nuna wanda ya yi wata huɗu yana aiki da wanda ya kwafo komai a daren ƙarshe. Masu ɗaukar aiki, na Legas da na ƙasashen waje, su ma sukan nemi ganin shafin mutum na GitHub kafin su kira shi, ba sa tambayar ko daga birni yake ko daga ƙauye.

Akwai gargaɗi, kuma ya fi shafar ma'aikata. Rumbu a GitHub iri biyu ne: na fili, wanda kowa a duniya zai iya karantawa, da na sirri, wanda sai wanda aka ba izini, tun daga 2019 na sirrin ma kyauta ne. Kada a kuskura a sa kalmar sirri, ko jerin sunayen ma'aikata da albashinsu, ko lambobin NIN da BVN na manoma a cikin rumbu, musamman na fili. Goge su daga baya ba ya wadatarwa, domin Git an yi ta ne don kada ta manta, suna nan a tarihi. Kalmar sirrin da ta riga ta fita, sauya ta za a yi nan take. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan duk hukumar da ta tattara su. Mai koyo ya yi gwajinsa da sunayen ƙirƙira.

Daga ƙarshe, shugabannin ƙananan hukumomi, da daraktoci da ma'aji, idan za a ba wani aikin rubuta manhajar haraji ko ta rajistar kasuwa, abin da ake gani a fuskar kwamfuta ba shi ne duka abin da aka saya ba. Rubutun da ke bayansa shi ne dukiyar. In yana hannun ɗan kwangila shi kaɗai, ranar da ya bar gari ko aka saɓa da shi, babu mai iya gyara ko da harafi ɗaya, sai a sake fitar da kuɗin jama'a a fara daga tushe. Saboda haka a rubuta cikin yarjejeniya cewa rumbun aikin, da dukkan tarihinsa, za a ajiye shi ne a asusun da aka buɗe da sunan hukuma da imel ɗin ofis, jami'ai aƙalla biyu su riƙe ikon shiga. Kafin a biya kason ƙarshe, a samo wani masani na dabam, ko daga Kalgo ko daga Aliero, ya sauko da rumbun a wata kwamfuta a gaban kwamiti, ya tayar da manhajar kowa ya ga tana aiki. Idan an yi sauyin ma'aikata kuma, a sa asusun cikin takardar miƙa aiki, tare da makullan ofis da littattafan kuɗi.