Gidan Gambino da Rikicin Gādo

Kalmar da 'yan Mafiya na Amurka suke kiran ƙungiyarsu da ita, ma'anarta "iyali", amma a Hausance "gida" ta fi dacewa, domin kuwa gida yakan ƙunshi maigida da barori da yaran gida, waɗanda ba lalle ne jini ya haɗa su ba. Tun daga shekarar 1931, bayan wani ƙazamin faɗa tsakanin 'yan ta'addar da suka fito daga Italiya, aka raba birnin Niyok tsakanin gidaje biyar, aka kuma kafa majalisar iyayen gida don sasanta rigingimu. Kowane gida yana da ubangida, da mataimakinsa, da mashawarci, sa'an nan shugabannin rukunoni, kowanne da mayaƙansa. Umurni daga sama yake saukowa, kuɗi kuwa daga ƙasa suke hawa, watau duk abin da yaro ya samu ta caca, ko bashi da ruwa, ko tatsar 'yan kasuwa, sai ya miƙa kaso ga na gaba da shi. Ranar shigar da mutum akan huda yatsarsa, a ɗiga jinin a kan hoton wani waliyyin Kirista, a ƙone hoton a hannunsa, ya yi rantsuwa ba zai taɓa tona asiri ba.

Carlo Gambino, wanda ɗaya daga cikin gidajen ya ci sunansa, an haife shi a Palermo ta tsibirin Sisili a 1902, ya shiga Amurka a ɓoye cikin jirgin ruwa a 1921. Ya hau gadon mulki a 1957, bayan da aka bindige ubangidansa, Albert Anastasia, yana zaune a kujerar wanzami. Mutum ne mai shiru-shiru, marar son nuna arziki, har wanda ya gan shi sai ya zaci tsohon ɗan tireda ne, alhali kuwa tashar jiragen ruwa da motocin dakon kaya duk suna biya masa. Ya mutu a kan gadonsa a 1976, abin da ba kasafai irinsu suke samu ba.

Sai dai ya bar baya da ƙura. Maimakon ya naɗa mataimakinsa, Aniello Dellacroce, wanda mayaƙa suke ƙauna, sai ya zaɓi Paul Castellano, ɗan'uwan matarsa. A nan fa zumuncin jini ya ci karo da zumuncin rantsuwa. Castellano ya ɗauki kansa attajiri, ya shige katafaren gidansa yana harkar nama da siminti, yana kuma neman a ƙara masa kaso daga mutanen da ba ya ko fita ya gan su. Har ila yau ya haramta cinikin ƙwaya, hukuncinsa kisa, ga shi kuwa a 1983 hukuma ta tuhumi wasu yaran John Gotti, har da ƙanensa, da sayar da hiroyin. Muddin Dellacroce yana da rai, shi ne katangar da ta kare su. Ya mutu a farkon Disamba 1985; ranar 16 ga watan aka harbe Castellano a ƙofar wani gidan cin abinci, ba tare da izinin majalisa ba.

Gotti ya yi hannun riga da halin Gambino. Yana son tufafi masu tsada da idon 'yan jarida, ya kuma tilasta wa shugabannin rukunoni su riƙa zuwa gaishe shi a wuri guda kowane mako, wanda hakan ya sauƙaƙa wa jami'an FBI ɗaukar hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Sau uku yana kuɓuta a kotu. Amma dokar RICO ta 1970 ta ba da damar kama shugaba da laifin ƙungiyarsa, kuma an dasa na'urar naɗar magana a ɗakin da yake ganawarsa. Da aka kunna wa mataimakinsa, Salvatore Gravano, faifan, ya ji maigidansa yana kushe shi yana ɗora masa alhakin kashe-kashe, sai ya karya rantsuwa. Ya amsa cewa yana da hannu a kisan mutum 19, aka yanke masa shekara biyar kacal. Gotti kuwa aka yi masa ɗaurin rai da rai a 1992, ciwon daji ya kashe shi a asibitin kurkuku a 2002.